MAKWAKKWAFI A BAYAN GIDA: YADDA A KE ƊAUKAR HOTONSA

Mutanen Arewa da ke zaune a Agege ko Sabon Badun sun sha jin wata ƙara a kan mangwaron bayan gida da sassafe, kamar kafinta na buga ƙusa. Mai wannan aiki shi ne makwakkwafi, tsuntsun nan da ke saran itace da bakinsa don neman tsutsa. Yau da ya ke kusan kowa na da kyamara a wayarsa, mutane da yawa su kan gwada ɗaukar hotonsa, amma sai su tashi da hoton reshe kawai.

Dalili kuwa shi ne, ba a samun hoton tsuntsu sai an san halinsa. Irin wanda aka fi gani a gidaje shi ne mai launin toka, tsawonsa kamar santimita 20. Namijin yana da ja a tsakar kansa, macen ba ta da shi. Yatsunsa biyu na duban gaba, biyu na duban baya, kuma ya kan dogara da jelarsa mai tauri a jikin itace. Ya kan sauka a ƙasa-ƙasan kututture ya riƙa hawa sama, in ya ga mutum kuwa sai ya kewaya bayan itacen ya ɓuya. Saboda haka mai dabara ba ya binsa. Sai ya zauna wuri ɗaya, ya auna kyamara sama kaɗan da inda tsuntsun ya ke, ya jira shi ya iso.

Abu na biyu shi ne tsarin hoton. Tun da ya ke tsuntsun a tsaye ya ke manne da itace, hoton tsaye ya fi dacewa da shi bisa ga na kwance. Kada a dasa shi a tsakiya. Sai a raba fuskar hoton kashi uku da ido, a ajiye shi a kashin gefe, a bar fili a wajen da bakinsa ke duba. A ɗauke shi ta gefe, yadda baki da ido da jela za su fito gaba ɗaya. Ido shi ne ran hoto. In ido ya yi dishi-dishi, aiki ya ɓaci.

Haka nan a lura da abin da ke bayansa. Wanda ya ɗaga kyamara sama daga gindin itace, farin sararin samaniya zai mai da tsuntsun baƙi ƙirin. Tagar bene ta fi, don tana kai mutum daidai da tsayinsa. In ganyen da ke bayansa na da nisa, sai ya narke ya zama kore mai laushi, wayoyin lantarki da kwanon rufi kuwa a kauce musu. Hasken hantsi ya fi kyau, rana tana bayan mai ɗauka.

Ga mai babbar kyamara, sai ya sa saurin ƙiftawarta ya kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, gama kan tsuntsun ba ya tsayawa in yana sara. Mai waya kuma kada ya cika jawo hoto da yatsa, don hakan na dusashe shi. Gara ya matsa a hankali.

Akwai kashedi guda. Makwakkwafi a cikin busasshen reshe ya ke haƙa ramin sheƙarsa. Matsa wa ramin na iya sa iyaye su daina kawo wa 'ya'yansu abinci, sare reshen kuwa korarsu ne daga unguwar ɗungum. Inda reshen ba ya barazana ga rufi ko jama'a, kyautuwa ya yi a bar shi.

Hoton kuma ba na ado ba ne kawai. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana gudanar da shirin tsara taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara ga rahoton 'yan sa kai. Hoto mai kyau, haɗe da kwanan wata da sunan unguwa, shaida ce cewa har yanzu tsuntsun bai bar garin ba.