Sojan Ingila a Borgu, 1898: Yadda Ake Tsara Su a Wasan Dabarun Yaƙi

Wasan dabarun yaƙi wasa ne da ake yi a kan taswira ko faffaɗan tebur, inda 'yan katakai ko ƙananan mutum-mutumi ke tsayawa a madadin sojoji, ana matsar da su bisa ƙa'idojin tafiya da harbi da guzuri. Sojan Furusiya ne suka fara ɗaukarsa da muhimmanci, bayan wani hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar da ƙa'idojinsa a 1824, da alƙali a tsakani yana yanke hukuncin kowace arangama. Daga baya masu sha'awar tarihi suka karɓe shi. Sukan ɗauko lokacin da aka kai bakin gwabzawa amma ba a gwabza ba, su gwada abin da zai faru da an yi. A Afirka ta Yamma da wuya a sami misalin da ya kai rikicin Borgu na 1897 zuwa 1898, tsakanin Ingila da Faransa. Mutumin Bahindi ko Illo ko Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo, da ke shiga Jamhuriyar Benin cin kasuwa, layin da wannan rikici ya haifar yake tsallakawa.

Tushen rigimar kogin Kwara ne. A wancan lokaci duwatsun ruwa da ke Busa suna hana jirgi wucewa, don haka Faransa, wadda ta riga ta ci Dahome, take neman mashiga a ƙasa da su, inda jirgi zai iya sauka har teku. Kamfanin Royal Niger na George Goldie kuwa yana cewa Borgu tasa ce bisa yarjejeniya. A Nuwamban 1894 Frederick Lugard ya riga Kyaftin Decoeur na Faransa isa Nikki da 'yan kwanaki, ya samo takarda. Faransawa suka ce takarda ba ta riƙe ƙasa, sai wanda ya zauna da soja. A farkon 1897 Laftanar Bretonnet ya kafa tutarsu a Illo da Busa. Wannan ne ya sa Joseph Chamberlain, ministan ƙasashen mulkin mallaka na Ingila, ya ba Lugard aikin kafa Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF.

Kuskuren farko da mai tsara wasa zai guje wa shi ne jera Turawa masu jajayen riguna sahu-sahu. Sojan Ingila sun daina shiga fagen fama da jar riga tun tsakiyar shekarun 1880, kuma a Borgu ma ba bataliyar Turawa aka tura ba. Sojojin 'yan ƙasa ne, akasari Hausawa da Yarbawa da Nufawa, Bature kuwa hafsa ne ko saje mai horarwa. Runduna biyu ce a hannun ɗan wasan Ingila. Akwai dakarun kamfanin, masu mazauni a Lakwaja, waɗanda suka san ƙasar. Akwai kuma sabuwar WAFF, mai mutum wajen 2,000, bataliya biyu ta 'yan ƙasa da rukunin igwa, hedkwatarta a Jebba, Kanar James Willcocks ne mataimakin Lugard kuma shi ke fita daji. Adalci a wasa shi ne a rage ƙarfin harbin WAFF a zagayen farko, domin yawancinsu kurata ne da ba su cika wata shida da ɗaukar bindiga ba.

Yaƙin Bida na Janairun 1897 shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a gina runduna a kai. Kamfanin ya fita da soja kimanin 500, Turawa kimanin 30, bindiga mai ruwa shida, igwogi kaɗan, da 'yan dako kusan 1,000. In aka ce katako ɗaya mutum goma ne, ke nan katakai 50 na soja suna jan kusan 100 na 'yan dako. Tafiya ana yin ta ne a layi ɗaya dogo, saboda hanyar ƙafa ce. Da an hangi dawaki sai a dunƙule a yi sahu mai kusurwa huɗu, soja a waje ta kowace fuska, kaya da 'yan dako a ciki, bindiga mai ruwa a kusurwoyi. Wannan bindiga tana zubar da harsashi wajen 600 a minti, shi ya sa barade ba sa iya ƙarasowa. Ƙa'idar wasa ta nuna cewa sauyawa daga layi zuwa sahu yana cin zagaye guda, kuma duk rundunar da aka rutsa a tsakanin nan ta shiga uku.

Batun 'yan dako ya cancanci a tsaya a kansa, don nan ne yawancin wasanni ke yin ƙarya. Ɗan dako yana ɗaukar kaya mai nauyin kilo 27 ko kusa da haka. Igwa ƙarama kwance ta ake yi, baki daban, ƙafafu daban, a rarraba a kawunan mutane. Shi kansa mai ɗaukar hatsin ci yake yi daga abin da ke kansa, saboda haka iyakar nisan da runduna za ta yi ba tare da ta sayi abinci ko ta ƙwata a ƙauyuka ba, ƙanƙanuwa ce. Doki da jaki ba su da tabbas a kudancin Borgu saboda ƙudan tsando. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da hafsoshi: a kowane zagaye na damina ya kamata a jefa ƙwayar lido a kan kowane Bature, in ta faɗi a ɗaya ya kwanta, saje ɗan ƙasa ya riƙe sansanin. Kwalekwale ma katako ne mai daraja, domin tsakanin Yauri da Illo wanda ba shi da jirgi ba shi da hanya. A Oktoban 1898 an kashe Laftanar Keating na Ingila da mutanensa a wani tsibiri kusa da Yalwa, kan rigimar jiragen ruwa.

Ɗan wasan Faransa ƙarfinsa bai kai haka ba, amma ya riga zama. Sojojinsa 'yan Senegal ne da waɗansu da aka ɗauka a Dahome, a warwatse cikin ƙananan sansanoni, umarni yana zuwa musu daga Gwamna Victor Ballot a can bakin teku. Dabarar Chamberlain ita ce a cusa sansanin Ingila a tsakanin na Faransa, kamar yadda mai dara ke kafa ɗa don toshe wa abokin wasa gida. A watan Mayun 1898 mutanen Willcocks suka yi ta kafa tuta a ƙauyukan kewayen Kaiama, wani wuri har ɓangarorin biyu suna ganin juna, bindiga a ɗane. Don haka a wannan wasa rukunin soja ba ya zama dunƙule. Ana farfasa shi gida-gida, mutum goma ko ashirin a ƙarƙashin kofur ko saje, kowane da tutarsa.

Wasan da ya tsaya ga 'yan wasa biyu bai cika ba. Borgu tana da masu ita: sarakunan Busa da Nikki da Illo da Kaiama, da mahaya da maharba masu kibiya mai dafi, waɗanda suka daɗe suna kare ƙasarsu. Lugard kansa ya sha kibiya a ka a tafiyarsa ta 1894, kuma Bargawa sun yi wa Faransawa bore a 1897. A arewa ga Gwandu, ga Kabi ta Argungu a ƙarƙashin Sarki Sama'ila, kowa da lissafinsa. Ɗan wasa na uku, mai wakiltar masu ƙasar, shi ke da kasuwa da rijiya da jagoran hanya. Yana iya sayar da hatsi ga wannan ya hana wancan, ko ya sa ƙauye ya watse a shiga daji, ko ya yi wa ayarin dako kwanton ɓauna. Ba zai iya fuskantar sahu mai kusurwa huɗu a fili ba, kuma bai kamata ƙa'ida ta tilasta masa ba.

Maki ana ƙirga shi ne da yawan garuruwan da tutar mutum ke tsaye a cikinsu ranar da aka rufe wasa, kuma wanda ya fara harbin Bature ɗan'uwansa a rage masa maki mai yawa, domin Landan da Faris duka ba sa son yaƙi a Turai saboda Borgu. Ranar rufewa kuwa tarihi ya bayar da ita: 14 ga Yunin 1898, sa'ad da aka sa hannu a yarjejeniya a Faris. Nikki ta koma ga Faransa, Busa da Illo ga Ingila, layin ya taɓa Kwara mil goma sama da Giri, tashar jirgin Illo, aka kuma ba Faransa hayar fili biyu, ɗaya a bakin kogin ƙasa da duwatsun Busa, ɗaya a Forcados. Mai son gwada yaƙin da ba a yi ba sai ya ɗage wannan rana da wata biyu ko uku, ya bar damina ta sauka, sansanin Faransa yana Illo, ayarin WAFF kuma yana haurowa daga Yauri da hatsin kwana goma.