Ku Duba Bayan Azuzuwa

Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, unguwanni irin su Badariya suka cika da gidaje, makarantun kuɗi na jeka-ka-dawo kuma suka yawaita. Uba yakan je ya ga fenti da ƙofar ƙarfe, ya biya kuɗi, ya koma gida. To, lafiyar ɗansa ba a bakin ƙofa take ba. Ka roƙi hedimasta ya zaga da kai bayan azuzuwa.

Ka fara duban ruwan kwance. Ramin da aka haƙi ƙasar gini, ko sawun mota a filin wasa, da damina nan sauro ke yin ƙwai. Cikin kwana 7 zuwa 10 ya yi fiffike ya tashi. Wani zai ce, "Ai yara da azahar suke tashi, sauron zazzaɓi kuwa da dare yake cizo." Gaskiya ne. Amma sauron da aka ƙyanƙyashe a makaranta gidajen unguwa yake bi da dare, har naka. Akwai kuma wani mai zanen fari a ƙafa, mai kawo shawara. Shi da rana yake cizo, a gwangwani da tsohuwar taya da randa marar murfi yake haihuwa.

Kada a dogara da feshi kaɗai. A 1954 gwamnati ta soma feshin magani a ɗakunan ƙasar nan. Kafin ƙarshen 1955 aka tarar a Ambursa sauro ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan. Ramin da aka cike da ƙasa kuwa, sauro ba shi da dabara a kansa.

Sai salga. Ta yi nisan mita 30 daga rijiya, ta kasance da murfi, da buta da sabulu a bakinta, ta 'yan mata kuma daban. Yaron da ya tarar da ita da ƙazanta, bayan katanga zai tsuguna. Ƙudan da ya sauka can, shi ne zai sauka kan ƙosan da ake talla lokacin tara. Daga nan gudawa da tsutsar ciki.

In akwai kududdufi kusa, ka tambaya ko yara na shiga wanka bayan an tashi, don a irin ruwan nan ake ɗaukar tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa, ya kawo shi ɗakin shan magani. Ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma akwai maganinta.