Shirin talabijin mai gyaran direbobi: me zai iya gyarawa a hanyar Gumel zuwa Maigatari?

Duk daren Laraba zuwa safiyar Alhamis, hanyar da ta tashi daga Gujungu ta ratsa Gumel ta nufi Maigatari ba ta barci. Ranar kasuwa ce a bakin iyaka. Tireloli na zuwa ɗaukar shanu da raƙuma, ƙananan motoci na tafe da mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, buhuna sun danne but har bamba na neman shafar kwalta, 'yan acaɓa kuma na kutsawa ta kowace kafa. Wanda ya saba shiga motar haya a wannan hanya ya san lokacin da fasinjoji ke yin tsit, kowa na salati a zuci, domin direba ya fita obatekin a kan kwana.

A ƙasar Kanada an taɓa mayar da irin wannan fargaba ta fasinja shirin talabijin, aka kuma shafe shekara goma sha huɗu ana kallonsa. Sunan shirin Canada's Worst Driver, wato direban da ya fi kowa rashin iya tuƙi a Kanada. Tashar Discovery ta ƙasar ce ta nuna shi daga 2005 zuwa 2018, wani ɗan wasan barkwanci mai suna Andrew Younghusband na gabatarwa. Asalin dabarar daga Ingila take, inda tashar Channel 5 ta fara Britain's Worst Driver a 2002, daga nan ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Guntayen bidiyonsa na yawo har yau a YouTube da TikTok, kuma mai kallo daga nan yakan yi dariya ya ce da ma a kawo mana. Kafin a yi wannan fata, ya kamata a san yadda shirin yake, da abin da ya iya, da inda ƙarfinsa ya ƙare.

Yadda ake gudanar da shi

A mafi yawan lokuta, mutum takwas ake ɗauka a zango guda. Ba su ke kawo kansu ba. Mata ce ke kai ƙarar mijinta, ko ɗa ya kai ta mahaifiyarsa, ko aboki ya kai ta abokinsa, kuma wanda ya kai ƙarar shi zai zauna a gefen direban har ƙarshen shirin. Ana tara su a wani fili da aka laƙaba wa suna cibiyar gyaran direbobi, wanda a shekarun ƙarshe tsohon filin jirgin sama ne a garin Dunnville na lardin Ontario. Da isarsu sai a karɓe makullin mota ko lasisinsu. Kwamitin ƙwararru ne ke sa musu ido: malamin koyar da tuƙi, da gwanin tseren mota, da mai ba da shawara kan halayyar ɗan Adam, da Cam Woolley, tsohon sajan a rundunar 'yan sandan Ontario wanda ya daɗe yana aikin hanya. Kusan kowane mako ana yaye wanda ya fi nuna ci gaba, a mayar masa da lasisinsa ya koma gida. Ukun ƙarshe sai a fitar da su cikin gari su yi tuƙi a tsakiyar jama'a, sannan a miƙa wa guda kofin da ba wanda ke so.

Gwaje-gwajen su ne zuciyar shirin. Akwai wanda ake ɗora tankin ruwa a saman mota, a jawo bututu zuwa kan direba. Ya taka birki da ƙarfi ko ya fizgi totur, ruwa ya sheƙo masa. Abin dariya ne, amma darasinsa taushin ƙafa. Akwai wanda ake jera ƙofofin soso masu faɗin mota da ɗan ƙari, a ce direba ya bi ta cikinsu da gudu. Yawancinsu kan daki ginshiƙin ƙofar, kuma dalili ɗaya ne: ido na kan abin da ake tsoro, hannu kuma na juya sitiyari zuwa inda ido ke kallo. Shi ya sa mai gabatarwa ya yi ta nanata musu su dubi inda suke son zuwa, su bar kallon abin da suke gudu. Direban da akuya ta faɗo masa a hanyar Sule Tankarkar yana fuskantar wannan jarrabawa ce sak. Akwai kuma gwajin waiwaye kafin sauya hannu, domin madubin gefe na da wurin da ba ya nunawa, kuma a nan ɗan acaɓa ke ɓuya. Akwai na ribas, akwai na tuƙi ana latsa waya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, saboda haka duba saƙo na daƙiƙa uku tafiyar fiye da mita 80 ce ido rufe.

Wani abu da ya ba shirin mutunci shi ne mai gabatarwa kan fara yin kowane gwaji da kansa a gaban kamara, don kada wani ya ce ba ya yiwuwa. Wannan ya bambanta shi da takwaransa na Amurka na 2010, wanda ya fi karkata ga nishaɗi har ana ragargaza motar wanda ya faɗi. Kuma wasan ba ya rasa haɗari: a irinsa na ƙasar Holan, a 2011, wani ɗan takara ya ruɗe ya buge mai gabatarwa da mota ana tsakiyar ɗaukar shiri.

Abin da dariya ke rufewa

Kusan duk wanda ya shiga shirin yana da halastaccen lasisi. Hukuma ta gwada shi, ta sa hannu, ta sake shi kan titi. Wannan a ƙasar da lardin Ontario ya kafa lasisi mai hawa-hawa tun 1994, inda sabon direba ke bin matakin G1 da G2, ya ci jarrabawar hanya sau biyu, ya shafe aƙalla wata ashirin kafin ya samu cikakken lasisi. Idan rariya mai ƙananan idanu irin wannan ta bar tsakuwa ta wuce, sai mu tambayi tamu.

A takarda, tsarin Nijeriya ba shi da laifi. Mai neman sabon lasisi zai shiga makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta amince da ita, ya kammala darussa 26, jami'in VIO ya gwada shi a kan hanya, ya biya kuɗi ga hukumar tara haraji ta jiha, sannan FRSC ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Hukumomi uku ke nan, biyu na jiha, ɗaya ta tarayya. A aikace kuwa, ba sirri ba ne cewa akwai dillalan da ake miƙa wa kuɗi da hoto su kawo takardar makarantar da ba a taɓa shiga ba. Mafi yawan direbobin hayarmu a tasha suka koya. Yaron mota ya fara da wanki da ɗaure kaya, ya kai ga ɗumama inji da asuba, ya kai ga juya mota a cikin tasha, wata rana maigida ya gaji a hanya ya miƙa masa sitiyari. Ba raina wannan makaranta nake ba. Ta fitar da mutanen da ke gane ciwon inji daga ƙararsa, waɗanda za su mayar da tirela ribas cikin lungun da mai digiri ba zai shigar da Corolla ba. Sai dai yaro na gadon gwanintar maigida tare da gangancinsa, kuma babu wani na uku da ya tsaya ya tace.

To ko da an tace daga baya, a dawo da direba aji, hakan na rage mutuwa? A nan binciken masana bai yi wa shirin daɗi ba. Cibiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tattara sakamakon gwaje-gwajen kimiyya, ta duba gwaji 24 da aka yi kan sake ilimantar da direbobi masu lasisi, ba ta kuma sami hujjar cewa hakan na rage haɗurra ko raunuka ba. Abin da ya faru a Norway ya fi ba da mamaki. Da aka wajabta wa sababbin direbobi horon sarrafa mota a kan hanya mai santsi, bincike na ƙarshen shekarun 1980 ya nuna haɗurran samari a irin wannan hanya ƙaruwa suka yi. Horon ya ƙara musu yarda da kai fiye da yadda ya ƙara musu iyawa. Duk wanda ya taɓa jin direba na cewa shekararsa ashirin a wannan hanya, yana faɗa yana ƙara wuta, ya san wannan cuta.

Su kansu masu shirin Kanada sun sha cin karo da iyakarsu. Ba su da ikon ƙwace lasisin kowa. Wanda aka naɗa mafi muni ma ana mayar masa da katinsa, iyaka a roƙe shi ya daina tuƙi. Wasu sun ji roƙon sun ajiye, wasu sun koma titi washegari. A zango na tara, a 2013, tsofaffin 'yan takara aka sake tarawa, wanda shi kaɗai ya isa shaida cewa gyaran farko bai kama kowa ba.

An gwada makamancinsa a nan

Tunanin gyara direba maimakon cin tararsa kawai ba baƙo ba ne a Nijeriya. FRSC, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta daɗe tana zaunar da waɗanda ta kama su saurari lacca kafin a sake musu mota. A Yulin 2017, zamanin Boboye Oyeyemi, ta fara tura masu wasu laifuffuka, irin su amsa waya a kan tuƙi da bin hannun da ba nasu ba, asibiti a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Legas na da cibiyarta ta sake horar da direbobin haya, Kano kuma ta kafa KAROTA a 2012. Gwajin ƙwaƙwalwar ya ja kanun labarai, domin akwai kunyatarwa a cikinsa, irin wadda shirin talabijin ke sayarwa. Amma alƙaluman FRSC sun nuna mutum 5,081 suka mutu a hanyoyin ƙasar nan a 2023, a 2024 kuma 5,421, kuma waɗannan su ne waɗanda rahotonsu ya isa hannun hukuma. A kowace shekara gudun wuce kima ne ke kan gaba a jerin dalilai.

Gudu kuwa ba rashin iya tuƙi ba ne. 'Yan takarar Kanada da yawa matsorata ne, masu rawar hannu, waɗanda ba su san faɗin motarsu ba. Direban Sharon da ke sheƙa gudu tsakanin Gagarawa da Gumel ya san faɗin motarsa sarai. Lissafi yake yi. Akwai balas ɗin da zai kai wa mai mota da yamma, akwai kuɗin mai da ya ninka tun cire tallafi a Mayun 2023, akwai na kamasho a tasha, akwai na shingayen hanya. Sawu biyu ba sa fitar da shi, sai uku; fasinja shida ba sa fitar da shi, sai tara. Ka kai shi Dunnville, zai bi ta ƙofofin soso ko ɗaya bai taɓa ba, ya karɓi lasisinsa a makon farko, ya dawo ya ci gaba da lodin da ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4, kuma hatsarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Mu ke nan, masu karanta wannan shafi da ƙannenmu.

Daren 15 ga Oktoban 2024 ya nuna wa Jigawa sauran abin da kamara ba ta ɗauka. Tankar mai ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Ko da an ce kuskuren direba ne ya kifar da motar, ba kuskurensa kaɗai ya kashe wannan adadi ba. Akwai tankar da ta zubar da mai da ta faɗi, akwai rashin masu killace wurin da wuri, akwai nisan motar kashe gobara da asibitin da zai iya da ƙuna, akwai talaucin da ya sa mutum ya tunkari fetur da bokiti. Tun 1997 majalisar Sweden ta amince da manufar da ta ginu a kan cewa ɗan Adam zai yi kuskure ko an horar da shi, saboda haka aikin hukuma ne ta tsara hanya da mota da iyakar gudu yadda kuskuren ba zai zama ajali ba.

Duk da haka, ba zan ce kada Arewa24 ko gidan talabijin na Jigawa su gwada irin wannan shiri ba. Amfaninsa na ga mai kallo fiye da ɗan takara. Miliyoyin da ba su taɓa zama a ajin koyon tuƙi ba za su ga dalilin waiwaye, su ga abin da waya ke yi wa ido, kuma fasinjan da ya gani a allo zai fi samun bakin ce wa direba, "Malam, a sassauta." Sai dai sigar da za ta dace da mu sai ta faɗaɗa kujerar 'yan takara. A zaunar da mai motar da ke yanka balas, da shugaban tasha na NURTW da ke kallon lodi yana wucewa, da jami'in da ya sa hannu a takardar gwajin da ba a yi ba. Na'urar taƙaita gudu da FRSC ta fara tilasta wa motocin haya a Fabrairun 2017 ma ta cancanci zango guda: a tsayar da motoci goma a tashar Gumel ranar Alhamis, a buɗe su a gaban kamara, a ƙirga nawa ke ɗauke da ita tana aiki.

Gwajin VIO da kuɗin lasisi a hannun gwamnatin jiha suke, wanda ke nufin 'yan majalisar dokokin Jigawa masu wakiltar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar na da hurumin tambaya a kansu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa FRSC ya nemi adadin makarantun tuƙi masu rajista a masarautar Gumel da adadin sababbin lasisin da aka bayar bara, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa.