Kama Da Wane Ba Ta Wane: Abin Lura Kafin A Ƙara Wa Kwamfuta Ram

Tun daga shekarar 2015 da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, wannan na'ura ta zama tilas ga ɗalibin Tambuwal da na Kebbe, kamar yadda ta zama tilas ga akawun da ke tsara takardun albashi a sakatariyar ƙaramar hukuma. Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ke isowa irin waɗannan garuruwa kuwa 'yan gwanjo ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka Legas. Kukan da aka fi yi da su shi ne nauyin jiki, maganin da masu gyara suka fi bayarwa kuma shi ne a ƙara ram.

Ram wata 'yar siririyar sanda ce da ake kafawa a gurbinta a jikin babban allon cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod. Idan aka kwatanta faifan ajiya da kabad ɗin fayiloli, to ram shi ne teburin akawu. Gwargwadon faɗin tebur, gwargwadon fayilolin da za a baje a lokaci guda. Da an ɗauke wuta kuma sai tebur ya koma fayau.

Shawarar ƙara ram ba ta da aibu. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen saye. Daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce, mutumin Kebbe kuwa tasa ta fi haka. Wanda ya biya kuɗin mota ya je ya dawo, sa'an nan ya tarar sandar da ya sayo ta ƙi shiga gurbi, ya yi asarar yini da guzuri, kuma ba lalle mai kanti ya yarda ya karɓi kayansa ba.

Dalili kuwa shi ne ram iri-iri ne, kuma kowane madabod da irin da aka ƙera shi dominsa. DDR2 ya fito a 2003, DDR3 a 2007, DDR4 a 2014, aka kuma fitar da ƙa'idar DDR5 a 2020. Sandar DDR2 da ta DDR3 duka haƙora 240 gare su, ta DDR4 da ta DDR5 kuma 288. A ido kamar tagwaye suke, amma kowace tana da wushirya a tsakanin haƙoranta, kuma da gangan maƙera suka sa wushiryar kowane iri a wuri dabam, don kada a kafa sanda a gurbin da ba nata ba. Wutar da suke sha ma ta bambanta: DDR2 bolt 1.8, DDR3 bolt 1.5, DDR4 bolt 1.2, DDR5 bolt 1.1. Saboda haka sandar da ta ƙi shiga ba ƙarfi take bukata ba. Wanda ya danna ta da tsiya yana iya karya gurbin, ya jawo wa kansa sayen madabod gaba ɗaya.

Alal misali, kwamfutocin Dell OptiPlex 3040 da 7040 sa'o'in juna ne, kusan kamanninsu ɗaya, amma ta farko DDR3L take ɗauka, watau DDR3 mai shan bolt 1.35, ta biyu kuwa DDR4. Wanda ya ce wa mai kanti irin ta maƙwabcinsa ce, ba tare da ya karanta lambar da ke jikin tasa ba, ya yi saye ne a cikin duhu.

Har ila yau akwai wasu tarkuna guda biyu. Na farko, sandar kwamfutar hannu gajeriya ce, ba ta shiga gurbin yawancin kwamfutocin tebur, ko da irinsu ɗaya. Na biyu, akwai sandunan da aka ciro daga manyan kwamfutocin kamfanoni, waɗanda lambarsu kan ɗauki harafin R ko kalmar REG. Sukan zo da araha, suna kuma iya shiga gurbin daidai, amma kwamfutar tebur ta yau da kullum ba ta tashi da su, sai dai ta yi ta ƙara, allon kallo kuwa baƙi ƙirin. Araha dai ba ta ado.

Bugu da ƙari, kowane madabod yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma Windows mai bit 32 ba ya amfani da abin da ya wuce gigabayit 4, komai yawan abin da aka zuba masa. Idan aka haɗa sanda mai sauri da marar sauri, duka biyun za su koma tafiyar marar saurin. Abin da ya fi shi ne sanduna biyu masu girma ɗaya da sauri ɗaya, a kafa su a gurabu masu launi ɗaya, domin su yi aiki kafaɗa da kafaɗa.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a hau mota, ya kamata mai kwamfuta ya rubuta sunanta da lambarta, ya ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin tsohuwar sandar, inda PC3 ke nufin DDR3, PC4 kuma DDR4. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna iri da sauri da yawan gurabu. Mafi aminci ma shi ne a tafi da kwamfutar a gwada a gaban mai kanti, ko kuwa a yi yarjejeniyar canji a rubuce a kan rasit.

Wajen kafawa sai a cire waya daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu, domin a lokacin hunturu busasshiyar iska kan tara wuta a jikin mutum wadda ke iya lalata sanda. A riƙe ta ta gefe, a kaɗe ƙurar gurbin, a daidaita wushirya, a danna har maƙallan su kama.

Abu na ƙarshe da ya kamata shugabannin makarantu da na ofisoshi su sani shi ne, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma ƙarin ram kaɗai ba zai sa tsohuwar kwamfuta ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. A shekarar 2025 ɗin ce kuma farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya. Don haka kafin a fitar da kuɗin gwamnati ko na iyaye, wajibi ne a fara buɗe akwatin a karanta abin da ke rubuce a ciki.