Yadda Za Mu Gode wa Ma'aikatan Jinya da Masu Kai Ɗauki

Kowace shekara akwai ranakun da duniya ta keɓe domin tunawa da masu kula da lafiyarmu. Ranar 4 ga Mayu ta 'yan kwana-kwana ce, waɗanda a nan muka fi kira pompiye. Ranar 5 ga Mayu ta ungozoma ce. Ranar 12 ga Mayu kuwa ta ma'aikatan jinya ce, domin a wannan rana ce aka haifi Florence Nightingale a 1820, Baturiyar Ingila wadda ta gyara aikin jinya, ta nuna cewa tsabta tana rage mutuwa a asibiti.

Me ya sa suka cancanci godiya? Domin aikinsu akwai kasada. A 2014 zazzaɓin Lassa ya ɓulla a Tanguiéta, kuma ma'aikatan asibiti suna cikin waɗanda suka rasu. A 2016 ya sake ɓulla a yankin Tchaourou, kusa da mu. Wanda ke wanke majiyyaci, yana taɓa jininsa da amansa, shi ne na farko da cuta za ta iya kamawa.

'Yan'uwa, "sannu da aiki" tana da daɗin ji, amma akwai godiyar da ta fi ta.

Na farko, ku kawo mara lafiya da wuri. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama, idan an kawo shi a rana ta farko, ƙwayoyi sukan isa. Idan an jira kwana 4, wani lokaci sai an nemi jini.

Na biyu, ku faɗi gaskiya. Idan an sha jiƙo ko maganin kasuwa, ku gaya wa nas, ku kawo ragowar. Tana tambaya ne domin kada magani ya yi karo da magani.

Na uku, idan hatsari ya faru, ku kira lamba 118, ku faɗi wurin sosai: Titirou ne, ko hanyar Djougou, kusa da wace alama. Kada ku taru a kan wanda ya ji rauni. Idan yana kukan wuya ko baya, kada a ɗora shi a babur, domin jijjiga tana iya shanye masa ƙafafu. Masu zemijan da direbobi, ku ba motar asibiti hanya.

Na huɗu, ku ba da jini. Ranar 14 ga Yuni ce ranar masu ba da jini ta duniya. Mai shekara 18 zuwa sama, mai ƙoshin lafiya, zai iya bayarwa, jiki kuma yana mayar da abin da aka ɗiba. Wani lokaci ungozoma ba za ta iya ceton mace mai zubar jini bayan haihuwa ba idan babu jini a ajiye.

Na biyar, ku yi haƙuri. Idan an fara duba wanda ya zo bayanku, wataƙila numfashinsa ne ke yankewa. Idan an yi rashi, zagi da duka ba su dawo da rai. Mai ƙorafi ya kai wa shugaban asibiti, haƙƙinsa ne.

Kada kuma a mai da godiya cin hanci. Talaka da mai kuɗi kulawa ɗaya ta kamace su.

A bana, idan watan Mayu ya kama, bari kowace ikilisiya da kowace unguwa ta yi wa ma'aikatan nan addu'a, ta kuma tara mutane su je ba da jini. Allah ya ba mu lafiya.