Jirgi Mai Kwal Ya Wuce, Ina Muka Ajiye Tarihinsa?

Duk matafiyin da ya bar birnin Kano ya nufi arewa maso gabas ta wajen Jogana da Zakirai zai ga gonaki manne da juna babu saura, ga ƙauye nan ga ƙauye can, ga itatuwan ɗorawa da kuka da tsamiya jefi-jefi a tsakanin kunyoyi. A cikin waɗannan gonaki ne layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa, kuma ta kansa ne jirgi mai kwal ya yi shekaru da dama yana kwasar gyaɗa da fatu da dabbobi. Yaran da ke tsallake wannan ƙarfe da awakinsu a yau ba su taɓa ganin jirgi mai hayaƙi ba, kuma babu wani wuri a kusa da za a kai su a nuna musu shi.

Layin dogo ya iso Kano daga Baro a cikin shekarar 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun yi zaton auduga za su riƙa ɗauka, amma manoman ƙasar Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba. Tana yi a jigawa, ana cin ta a gida idan kasuwa ta faɗi, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Tun a kakar farko gyaɗa ta cika tashar Kano har taragai suka kāsa. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu cikin karkara suna saye, daga nan aka fara jera buhuna ana yin dalar gyaɗa wadda ta sa sunan Kano ya kai ko'ina a duniya.

Da cinikin ya bunƙasa sai aka ja layin daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya dire a Nguru a shekarar 1930, tafiyar mil 143. Garuruwan da ke gaba yanzu suna cikin Jihohin Jigawa da Yobe tun 1991, amma farkon layin yana cikin ƙasar Kano. Manomin da a dā sai ya kwana a hanya da jakinsa kafin ya kai mangalar gyaɗa birni, sai ga sikeli ya zo kusa da shi. Kasuwanni suka tsiro a bakin tasha, baƙi daga kudu suka zo aikin akawu da na gyaran inji, kuɗin haraji da na aure da na biki duk suka koma suna jiran kakar gyaɗa.

Yadda Jirgin Ke Aiki

Kan jirgi mai kwal babbar tukunya ce a kan ƙafafun ƙarfe. Fayaman yana tsaye bayan direba yana ɗebo kwal da shebur yana watsawa cikin wuta, wutar ta tafasa ruwa, tururi ya tura sandunan da ke juya ƙafafun. Saboda haka abinci biyu yake bukata kullum, watau kwal da ruwa, kuma duka biyun wahala ne a ƙasar Kano. Kwal daga Inugu ake kawo shi, inda aka fara haƙarsa wajen 1916, ya haye kogin Binuwai a Makurɗi, ya biyo ta Kafancan da Kaduna da Zariya. Ruwa kuwa sai an gina manyan tankuna a tasoshi, ga shi da rani rijiyoyi kan ja baya.

Wannan ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka fara kawo injuna masu shan man dizal a Arewa tun tsakiyar shekarun 1950, daidai lokacin da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955. Duk da haka masu kwal ba su kau nan da nan ba. Akwai wani rukuni da aka ƙera a Ingila daga 1948, wanda aka raɗa wa kowane ɗaya sunan wani kogi na Nijeriya, sun daɗe suna jan kaya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar kwal daga Inugu, fari ya biyo baya a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Dala ta rushe, manyan motoci suka ƙwace kaya, jirgi mai kwal ya yi ta raguwa har ya ɓace.

Abin Da Wasu Suka Yi

A ƙasashen Turai ba a bar irin waɗannan injuna sun tafi haka kawai ba. A yankin Wales na Birtaniya, a shekarar 1951, wasu 'yan sa-kai suka karɓi wani ɗan ƙaramin layi mai suna Talyllyn da ke shirin mutuwa, suka ci gaba da gudanar da shi da kuɗinsu da guminsu. Daga nan abin ya yaɗu. A 1975 aka buɗe babban gidan tarihin jiragen ƙasa a birnin York. A lokacin hutu, magidanci a can ko a Amurka yakan ɗebi iyalinsa a mota mai ɗakin kwana da madafa a cikinta, su yi makonni suna bin waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, su biya kuɗi su shiga jirgi mai tururi na 'yan mil kaɗan. Ƙauyukan da ke bakin layin suna cin abinci da wannan yawo.

Kada a ce wannan sha'anin masu ƙoshi ne kaɗai. Kenya ta buɗe nata gidan a Nairobi tun 1971. A nan gida ma akwai abin koyi. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya adana kawunan jirgi na ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos don ɗauko kuza, wanda aka rufe a 1957. A Ebute Metta ta Legas kuma wata ƙungiya mai suna Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gidan reluwe da aka gina a 1898, aka mai da shi ɗan gidan tarihi a 2010. Kano, wadda gyaɗarta ta ciyar da reluwe shekara da shekaru, ita ce ta fi cancanta da irin wannan.

Lokaci Na Ƙurewa

Abubuwa biyu ne suka sa maganar ba ta jira. Na farko, ƙarfe yana da kasuwa. Hukumar jiragen ƙasa ta sha kukan ana kwance mata layi ana sayar wa 'yan gwangwan, kuma abin da ya shiga wutar maƙera ba ya dawowa. Tsohon sikeli, da ƙararrawar tasha, da fitilar mai gadi, da allon sunan gari, da littattafan da akawu ya rubuta nauyin kaya, duk a idon mai saye tarkace ne. Na biyu, mutanen da suka yi aikin sun tsufa. Wanda ya riƙe shebur yana ɗan shekara 20 a 1965 ya kai 80 a yanzu. Hausawa na cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, to idan babban ya kwanta dama ba a tambaye shi ba fa?

Daɗin daɗawa, a watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wannan abin murna ne ga manoman arewacin Kano. Sai dai faɗin sabon layin milimita 1,435 ne, na tsohon kuwa 1,067, watau ƙafa 3 da inci 6. Ma'ana, babu tsohon kan jirgi ko tarago da zai iya hawa sabon ƙarfen. Duk ranar da hankali ya koma kan sabo gaba ɗaya, tsohon zai zama maraya.

Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin jiha ba. Ma'aikatar da ke kula da al'adu tana iya neman hukumar jiragen ƙasa ta ba ta aron tsohon kan jirgi ɗaya da tarago biyu, a ajiye su ƙarƙashin rumfa a wata tashar karkara, a jera 'yar dalar buhuna a gefe don yara su ga yadda take. Gidan Makama yana da ma'aikatan da suka san adana kaya. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi kuwa, rikoda da kuɗin mota kawai suke bukata su shiga Gezawa da Gabasawa, su zauna da tsofaffin direbobi da leburori da dillalan gyaɗa, su ɗauki bayaninsu tun ana iya samunsu a ƙofar gida.