Zaɓen Murhun Girki a Jalingo: Na Gas Zalla Ko Mai Haɗa Gas Da Lantarki?

Gabatarwa

Manomi da malamin gona, ku sani cewa murhun da ake ɗora tukunya a kansa yana da alaƙa da lafiyar iyali da kuma albarkar gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutane sama da miliyan 3 a shekarar 2020. A Jihar Taraba kuwa, saran madobiya a yankunan Bali da Gashaka ya yi yawa, an kuma takaita cinikinta tsakanin ƙasashe, kuma masu ƙona gawayi na cin ƙirya da marke da kaɗanya. Duk gonar da ta rasa itatuwa, ruwan damina ne zai kwashe ƙasarta.

Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, risho ya ja baya a gidaje da dama, jama'a suka koma gawayi ko gas. Idan ka yi niyyar sayen murhun gas bayan ka sayar da amfanin gona, iri biyu za ka tarar a kasuwar Jalingo.

Nau'o'in murhun

Na farko shi ne na gas zalla. Akwai ƙarami da ake ɗaura wa kan tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, akwai na kan tebur mai baki biyu, akwai kuma na tsaye mai baki huɗu da tanderu, wanda ake haɗa wa tukunya mai kilo 12.5.

Na biyu shi ne mai haɗa gas da lantarki. Galibi yana da bakin gas uku da faranti ɗaya na lantarki, wani kuma tanderunsa ma da lantarki yake aiki. Ya fi na farko tsada. Amfaninsa shi ne, idan gas ya ƙare ana tsakiyar girki, a mayar da tukunya kan faranti, muddin akwai wuta.

Abubuwan da za ka duba

1. Wutar unguwarku. Kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola ne ke kula da Taraba, tare da Adamawa da Borno da Yobe. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar: rukunin A sa'a 20 a rana, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E sa'a 4. Kada ka dogara da abin da ke rubuce a takardar kuɗin wuta. Yi mako biyu kana lura: shin akwai wuta da safe da kuma bayan la'asar, lokacin da ake ɗora girki? In babu, farantin lantarki zai zama kayan ado.

2. Ƙarfin wutar. Faranti ɗaya yana jan wat 1,000 zuwa 1,500, tanderu kuma yakan kai 2,000 ko fiye. Ƙaramin janareto ba ya ɗaukar wannan nauyi, haka ma ƙananan na'urorin hasken rana. Siririyar waya da soket mai araha suna iya narkewa su haddasa gobara, don haka sai ƙwararren mai gyaran wuta ya ja masa layinsa daban.

3. Lissafin kuɗi. Idan aka cire zafin da ke tafiya a banza, kilo 1 na gas yana yin aikin kimanin yunit 10 na wuta a kan faranti. Tambayi kuɗin kilo ɗaya a wurin masu ɗura gas, sannan ka ninka kuɗin yunit ɗinka sau 10, ka kwatanta. Ka riƙa sabunta lissafin, domin farashi na canzawa. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit lokaci guda.

4. Irin girkinku. Tuƙin tuwo na buƙatar wutar da za a ƙara ko a rage nan take, kuma gas ne ke yin haka. Faranti yana jinkirin zafi da jinkirin hucewa, sannan yana son tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi. Ya fi dacewa da dafa wake ko ruwan zafi.

5. Sana'a. Turara shinkafa, dafa kalwa domin daddawa da suyar ƙuli-ƙuli sun fi ƙarfin waɗannan murhunan biyu. Mai irin wannan sana'a ta nemi babban murhun gas mai ƙafafun ƙarfe, ko ingantaccen murhu mai cin itace kaɗan ko ɓuntun shinkafa.

Matakan kariya

Gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya. Ajiye tukunyar a tsaye, inda iska ke ratsawa, nesa da rana da kurfoti. Duba shekarar ƙirarta: wadda ta wuce shekara 15, ko ta yi tsatsa ko lotsawa, a daina amfani da ita. Shafa ruwan sabulu a kan tiyo da mahaɗarsa. Idan ya yi kumfa, akwai yoyo. In ka ji warin gas, rufe kan tukunya, buɗe ƙofa da tagogi, kada ka ƙyasta ashana, kada ka taɓa makunnin lantarki. Wuta mai launin shuɗi ita ce lafiyayya, mai ruwan ɗorawa alama ce ta toshewar baki.

Kammalawa

Ga mai zama a ƙauye ko unguwar da wuta ba ta tsayawa, murhun gas zalla ya fi dacewa, kuma rarar kuɗin a sayi tukunya ta biyu domin ranar da ta farko ta ƙare. Mai haɗa gas da lantarki na wanda ke da mita da wadatacciyar wuta ne. Malamin gona ya kai wannan bayani ga ƙungiyoyin mata, kuma maigida ya shawarci uwargida kafin ya tafi kasuwa, domin ita ce za ta tsaya a gaban murhun kullum.